Abin da Ya Baƙanta Hannun Gwaggo

Na Allah ne mu, kuma gare shi ake komawa, wannan ba wanda ya isa ya musa. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta ɗauke ni tun daga yaye har ta kai ni ɗakin miji, ta amsa kira da hantsi tana zaune a bakin murhu. Ba ta yi jinya ba, ba ta wahalar da kowa ba.

Masu gaisuwa sun zo, ba laifi. Sun zo daga Riko, sun zo daga Mazanya, har fataken Maraɗi suka sauke kaya a bakin iyaka suka shigo gari suka yi mata addu'a. Wani tsoho mai rubuta wa mutane wasiƙa a gindin tsamiyar kasuwa ya zauna a ƙofar gida yana share hawaye da hannun riga, yana cewa, "Shi ke nan, alƙalamina ya zama maraya." Na ji sanyi da wannan kukan. Amma a cikin gida wata irin gaisuwa ake yi. Mace za ta shigo ta durƙusa, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta," sai ta ja da baya ta raɓa jikin wata, a haɗa kai, a kare baki da gefen mayafi. In na ɗago ido a yi tsit. Na ɗauka tausayina ake ji.

Sai da la'asar ɗiyata, tana fama da tsohon ciki, ta ja ni bayan rumbu ta gaya mini. Matar Baffa, wato matar autan su mahaifina, wadda muke ce wa Inna, ita ta yi wa Gwaggo wanka. Ashe da ta fito, gaban mata ta tsaya tana salati da ƙarfi. Ta ce ta cuɗa hannun dama da sabulu, ta cuɗa da toka, baƙi ƙirin har wuyan hannu, ya ƙi fita. Ta ce, "Ni dai ban ce komi ba. Amma hannun da ya zubar da ayar Allah a ƙasa, ga shi Allah ya nuna."

Mai wankan gawa amana aka ba ta. Abin da ta gani a bayan tabarma, da shi ake so ta shiga kabarinta. Ko yaron da bai yi kaciya ba ya san wannan.

Da magana ta tsaya a bakin mata, da na haɗiye, don na saba haɗiyewa. To ba a yi sadakar uku ba ɗiyata ta sauka, ta sami mace. Tun cikin yana ƙarami mijinta ya yi alkawari a gaban Gwaggo cewa in mace ce sunanta za a sa. Gwaggo ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba, wannan sunan shi kaɗai ne abin da za ta bari a bayanta. Ranar da na je barka, uwar mijin ta kama hannuna ta ce, "Ba ƙi muka yi ba, uwar ɗiya. Amma kin san suna linzami ne. Da abin da ake faɗi, a bari tukuna."

Ni ba mai faɗa ba ce. 'Ya'yana za su shaida, ban taɓa ɗaga murya har maƙwabta su ji ba. Amma Allah ya sa a tsufana na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya haɗa baƙi da baƙi, don haka zan faɗi abin da ya baƙanta hannun nan, wanda ya so ya ji.

Gwaggo mai dafa tawada ce, kuma duk Jibiya an sani. Mijinta malami ne, shi ya koya mata, ya rasu da wuri ya bar ta da tukwane da ni. Iri biyu take yi. Akwai zuge, ta gawayin aduwa da ƙaro, wadda ake rubutu a allo a wanke a sha. Akwai yambari ta takarda, wadda ake tafasa bagaruwa da kashin maƙera har ruwan ya koma kamar dare. Yambari ita ke kama fata, ta shige faso, ta shige ƙarƙashin farce. Hannuwanta duka biyu baƙaƙe ne tun da na buɗe ido na gan ta, Inna ce dai ta ga dama ta ambaci na dama kaɗai. Da hannun nan ta yi mini kitso, da shi ta ba ni tuwo a baki. Marini ma hannunsa shuɗi ne, ban taɓa jin an ce ɗan wuta ne ba.

Ina ƙarama Nasara suka kafa turakunsu a arewacin gari, suka ce nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransa. Dajin da Gwaggo ke tsintar bagaruwa ya faɗa wancan gefe. Ba ta fasa zuwa ba. In an ce mata za a kama ta, sai ta ce, "Sun raba ƙasa, su raba rana mu gani." Bayan wasu shekaru aka yi rumfa a bakin hanya, aka zaunar da akawu yana rubuta wa fatake takardar wucewa. A hannunsa mutanen gari suka fara ganin alƙalami mai ciki, wanda ake ɗura wa tawada ya yi ta rubutu ba a tsoma shi a kurtu. Mai shan tawada ake ce masa. Yara kan tsaya nesa su yi ta kallo.

Wata damina ruwa ya yanke hanyar Katsina, tawadar kwalbar akawu ta ƙare. Ya aiko masinja cikin gari. Gwaggo ta ji an ce baƙo ke so, ta zaɓi mafi kyau, mai kauri, wadda ta sha ƙaro har tana sheƙi, ta cika kurtu ta ce kyauta ce. Ba ta taɓa riƙe irin alƙalamin ba, ta ina za ta san ƙaro daskarewa yake a cikinsa? Shi da ya san kayansa bai duba ba, ya ɗura.

Da safe ina wanke-wanke dogarai suka shigo ba sallama. Suka fitar da tukwanen ƙofar gida suka farfasa, har da wadda mijinta ya bari. Tawada ta malala a titi, awaki suna takawa. Suka tasa ta gaba zuwa rumfar iyaka, aka durƙusar da ita a rana, fatake suna wucewa suna kawar da kai. Ba wanda ya gaya mata laifinta sai da rana ta karkata, masinja ya ce, "Kin kashe alƙalamin gwamnati."

Gwaggo ta ɗago, da zuciya ɗaya ta ce, "Alƙalami na mutuwa? To a feƙe shi mana."

Ita na kara ta sani, wanda in bakinsa ya mutu a sa wuƙa a gyara. Mutane suka fashe da dariya, aka ɗauka rashin kunya ce, aka zuba mata bulala a gadon baya. Tabon yana nan har ranar da ta koma. Mai wanka ta gan shi, ba makawa. Wannan ba ta fito ta ba da labarinsa ba.

Na zaci Gwaggo ba za ta sake son jin sunan alƙalamin nan ba. Ashe haushi ne ya kama ta, irin haushin da ke sa mutum ya nace. Ta ce, "Abin da anka dake ni kansa, sai na ga hanjinsa." Ta ba wani falke ɗan Maraɗi zakara, ya samo mata wani mai tsagaggen murfi daga wancan gefe. Ta warware shi a cikin tasa, ta ga hanyar da tawada ke bi ba ta fi gashin wutsiyar doki ba. Daga ranar ta raba tukunya. Ta cire ƙaro, ta rage kashin maƙera, ta tace da tsumma, ta bari ya kwanta, ta sake tacewa. Wata ta fito kamar ruwan wanke tukunya, wata ta yi tsatsa a bakin alƙalamin. Damina ta wuce, rani ya wuce, tana zubarwa tana sakewa, har ta sami wadda ke gudu ba ta shaƙe. Akawun kuwa ya sake aikowa bayan an ba shi labari. Ta ce wa masinja, "Gaya mishi tukunya ta mutu, ba a feƙe ta." Ba ta sake sayar wa rumfar nan ko ɗigo ba. Masu rubuta wasiƙa da ƙananan fatake, waɗanda tawadar kanti ta fi ƙarfin aljihunsu, su ne mutanenta.

A cikin wannan gwaje-gwajen ne ta sa aka kawo mata tawadar Faransa. Gari ce a ƙunshi, ana jiƙa ta, ta fito shunayya mai ɗaukar ido. Gwaggo ta gwada, ta wanke alƙalamin, ta zubar da ruwan a bayan ɗaki. 'Yan tsakinmu suka sha. Kafin yamma suka bi juna suka mutu, bakunansu shunayya. Ni na kwashe su, Inna kuwa tana gidan ranar, ta zo aron turmi, har ta riƙe haɓa ta ce, "Oh, ikon Allah."

Yanzu ga maganar zubar da aya.

Ɗan Baffa na fari yana shekarun yaye, zazzaɓi da gudawa suka kama shi har idonsa ya faɗa. Baffa ya ɗan taɓa karatu, yakan yi wa gidansa rubutu. Wani abokinsa da ke gadi a duwan, wato rumfar kwastan ta Faransawa, ya ba shi kyautar tawadar nan shunayya. Baffa ba mugu ba ne. A tunaninsa ayar Allah ta fi cancantar tawada mai kyau mai daraja, kuma rubutun zai fi ƙarfi. Ya cika allo, ya wanke a ƙoƙo. Muka shiga dubiya ni da Gwaggo, tsakar gida cike da mata, Inna ta ɗora yaron a cinya, ta matse masa kumatu, ƙoƙo ya kai leɓe.

Gwaggo ta ga launin ruwan. Babu lokacin magana. Ta kai hannu ta maka wa ƙoƙon, ya tashi sama, ruwan ya watse a ƙasa, bayan hannunta ya sami Inna a baki har ya fashe.

Mata suka ɗauki salati. Baffa ya fito daga turaka da allo a hannu. "Yaya! Alƙur'ani kika zubar!"

"Da mi ka rubuta?"

"Ayar Allah, Yaya, a ƙasa, inda ake takawa!"

"Na ce da mi ka rubuta, wawa? Wagga ta takarda ce, ba ta ciki ba. Ayar na nan cikin kanka, ka sake rubutawa. Ɗan in ya tafi, a ina za ka sake rubuto shi?"

Sannan ta durƙusa. Wannan ne ba a faɗa a gidan makoki ba. Ta kankare jiƙaƙƙiyar ƙasar nan da farce, duk inda ɗigo ya taɓa, ta tara a bakin zanenta tana kuka tana istigfari. Ta kai bayan gari inda ƙafa ba ta bi, ta haƙa rami ta binne. Ta dawo da kurtun zuge ta dangwara gaban Baffa ta ce, "Rubuta da wagga." Ta yi azumi saboda abin, ba wanda ya sa ta. Yaron ya tashi, Allah ne ya tashe shi, ban ce tawada ba. Yau shi ne babban falke a danginmu, shi ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwar Gwaggo.

Gwaggo ba ta san alif ba, ba ta san a ta boko ba. Mutane ba su yarda in na faɗa. Da aka buɗe ajin manya na mata na ce zan shiga, maigidana ya yarda amma sai da ya yi dariya, ya ce tsohuwar kaza za ta koyi cara. Gwaggo ta ji, ta zo har gida ta ce masa, "Kai ko da ka yi carar, mi ka rubuta?" Ranar da aka ba ni takardar shaida ta ce in sa mayafi, ta kai ni kasuwa wajen wani ɗan koli mai kawo kaya daga tsallake.

Yana ganinta ya soma, "Gwaggo, yau kam ba ki tsere mini. Ga na manya, irin na Di'o Baturen mulki, murfin zinariya."

"Da murfi ake rubutu?"

"A'a, amma in ɗiyarki ta maƙala shi..."

"A ina za ta maƙala, tana da aljihun gaba? Miƙo wancan."

Ta goga bakin a kan farcen babban yatsa, ta ce yana karce, ta ajiye. Ta buɗe wani ta kai hanci ta shinshina. "Wanga robar cikinsa ta dahu, zafin Jibiya ya cinye ta. Kwana kaɗan ya yi mata fitsari a zane." Ɗan koli ya ce, "Gwaggo, ki ji tsoron Allah, mutane na ji." Ta ce, "Don su ji nake faɗi." Can ƙasan faifai ta zaƙulo wani baƙi, ba ado, mafi araha a cikinsu, irin wanda ake zuba wa tawada kai tsaye a ciki, babu robar da za ta ruɓe. Ta fito da 'yar kwalbarta daga ɗaurin zane ta ɗura masa. Tunda ba ta iya baƙi ba, layuka take ja a takarda, kunya-kunya kamar gona, a hankali, sannan da sauri. Ta duba ta ce, "Bai yi tsallake ba. Wanga manomi ne. Ɗauki."

A hanya ta yi ta ba ni doka. Kada in ba kowa aro, ko maigida, don bakin alƙalami hannun mai shi yake koyo. In wanke shi da ruwan sama, ba na rijiyar da ke da kanwa ba. Kada in bar shi a rana. Kada in haɗa masa tawadar Ingilishi da ta Faransa, in sun haɗu a ciki ɗaya kamawa suke kamar nono. "Masu su ma sai da anka kafa musu turke," in ji ta. Da muka zo ƙofar gida ta tsaya ta ce, "Rubuta sunana in gani." Na rubuta. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe gajere ne."

Safiyar da ta rasu, tawada take matsa. Matan ajinmu ne suka roƙe ta, don ta kanti ta yi musu tsada, ta ce su bari za ta dafa musu tukunya guda sadaka. Tsumman yana hannunta aka same ta. Shi ya sa baƙin ya yi sabo har wuyan hannu. Matan nan suna tsakar gidan lokacin da Inna ke magana, sun san abin da ke cikin tukunya, sun san don wa aka dafa. Ba wadda ta buɗe baki. Har yau ba wadda ta zo ɗiba.

Kafin suna na tafi wajen ɗan Baffa. Na same shi a zaure na ce, "Ƙanena, kai aka hana sha. Cikinka aka kare. Ka je wajen surukan ɗiyata ka faɗi abin da ke cikin ƙoƙon nan, kai za su ji."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. "Yaya, ni ban san komi ba, ina goye. Kuma maganar mata ce. In na sa baki, uwata zan ƙaryata."

Na shiga ciki wajen Inna. Na gaishe ta yadda ya kamata, na durƙusa, don ko ba komi matar ubana ce. Na ce, "Inna, kina gidanmu ranar da 'yan tsaki suka mutu."

Ta ce, "Ina nan."

"Kin san abin da ya sa ta buge ƙoƙon."

"Na sani. Tun kafin ƙoƙon ya kai ƙasa na tuna." Ta taɓa leɓenta. "Amma gaban mata ta fasa mini baki, ɗiyata, ina yarinya ɗanya. Har ta mutu ba ta ce mini yi haƙuri ba. Allah ta ba haƙuri, ni ba ta ba ni ba."

Wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Gwaggo ba ta iya ba mutum haƙuri, girman kanta ya kai nan. Na ce, "To ni ina ba ki a madadinta. Ki yi haƙuri, Inna. Ki zo mu je ki janye maganar, saboda jaririyar nan."

Ta ce, "Na yafe mata. Amma da furfurata ba ni zuwa gidan wasu in ce na yi ƙarya."

Ta yafe mata. Kun ji fa.

Aka yi suna, liman ya raɗa wani suna, mai kyau ne, ba ruwan yarinya. Na ci tuwon suna, na yi barka, ban ɓata wa kowa taro ba. Da aka miƙo mini ita na ɗora a cinya, na ce, "Sannu da zuwa, Gwaggo." Uwar mijin ta juyo ta ce, "Wa kike kira haka?" Na ce, "Jikata. Ku kun yi na yanka, laƙabi kuwa na kaka ne, ko shi ma an hana?" Ɗiyata da ke kan gado ta ce, "Miƙo mini Gwaggo, ta ji yunwa."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa kabarinta ya fi ɗakinta faɗi, ya yafe mata zafin hannu da taurin kai. Waɗanda suka sani suka yi shiru, Allah ya shirye su. Wanda kuwa ya ji wannan bayani ya sake maimaita waccan magana, na bar shi da Allah, kuma kada a zo mini da batun yafiya tukuna, ban shirya ba.